Yadda linka ke hana manhajar waya maimaita rubutu ɗaya sau dubu

Duk mai riƙe da ƙaramar wayar Android, irin su itel ko Tecno, ya san saƙon nan mai cewa wuri ya kusa cika. Sai a hau goge hotuna da bidiyon WhatsApp, wani lokaci har da manhajar da ake so. Amma tun kafin manhajar ta hau Play Store an riga an yi kokawa da girmanta, kuma wani ɓangare na kokawar yana faruwa ne a hannun wata manhaja da mai waya ba zai taɓa gani ba. Masu sana'ar suna kiranta linka, wato mai haɗawa.

Ga yadda abin yake. Babbar manhaja da aka rubuta da yaren C ko C++ ba fayil ɗaya ba ce. Fayiloli ne ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Wata manhaja mai suna kamfaila ita ke ɗaukar kowane fayil shi kaɗai ta juya shi zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Kamfaila ba ta san abin da ke cikin sauran fayilolin ba, nata kawai ta sani. Idan ta gama, sai linka ya tattaro duk guntayen ya ɗinke su su zama abu ɗaya. A wayar Android, irin wannan sakamakon shi ne fayilolin da sunansu ke ƙarewa da .so a cikin APK, kuma tsarinsu shi ne ELF, wanda Linux ma ke amfani da shi.

Matsalar tana cikin wannan rashin sanin juna. A ɗauka wani matashi ya rubuta manhajar lissafin cinikin shinkafa don manoman Cheberu da Kalgo da Gwandu. A fayil na farko akwai saƙon "Babu intanet, sake gwadawa". A na biyu ma akwai, haka na hamsin. Kowane fayil ya fito daga kamfaila da nasa kwafin. Idan linka ya ɗinke su haka nan ba tare da dubawa ba, saƙon zai zauna a manhajar sau hamsin, alhali ɗaya ya isa.

Wani zai ce ai saƙo hamsin ba komai ba ne, kuma gaskiya ne. Sai dai saƙonnin da mutum ke gani a fuskar waya su ne mafi ƙanƙanta a cikin rubutun da linka ke fama da shi. Kowane aiki da kowane ma'aji a cikin manhaja yana da suna, kuma a C++ kamfaila na cusa bayanin aikin a cikin sunan, har ka ga suna ɗaya ya haura haruffa ɗari, ya fara da _ZN ya yi ta tafiya kamar ba zai ƙare ba. Ga kuma bayanan farautar kuskure, waɗanda ake ajiye rubutunsu a sashen .debug_str: nan ne maimaici ya yi katutu, domin duk fayil ɗin da ya jawo wani sanannen ɗakin karatu na kod sai ya sake rubuta sunayen da ke cikinsa kaf. A manhaja mai girman Chrome, guntayen rubutun da ke shiga linka miliyoyi ne, kuma mafi yawansu kwafin juna ne.

Rubuta sau ɗaya, sauran su yi nuni

Dabarar kanta ba ta da wuyar ganewa. Mai shago da ke da littafin bashi ba ya sake rubuta cikakken sunan mutum da unguwarsu duk ranar da ya karɓi kaya. Shafi ɗaya yake buɗe masa, daga nan sai dai a ce "shafi na 12". Haka linka ke yi. Yana shimfiɗa rubutun a jere cikin tebur guda, kowane rubutu ya ƙare da bayit mai darajar sifili, alamar cewa a nan ya tsaya. Duk mai buƙatar wani rubutu ba ya riƙe kwafi, lamba kawai yake riƙewa, wadda ke nuna nisan rubutun daga farkon teburin.

Ba kowane sashe linka ke taɓawa ba. Sai kamfaila ta manna wa sashen tutoci biyu, SHF_MERGE da SHF_STRINGS. Ta farko na cewa an yarda a haɗe masu kama da juna, ta biyu na cewa abin da ke ciki rubutu ne mai ƙarewa da sifili. Da ganinsu linka zai yayyanka sashen gunduwa-gunduwa a kan kowane sifili, ya zubar da kwafi, sannan ya bi duk wata lamba da ke nuni ga tsohon wuri ya gyara ta. Wannan gyaran yana da ɗan rikici, don wata lambar tsakiyar rubutu take nunawa, ba farkonsa ba. Dole linka ya gano gunduwar da ta faɗa ciki, ya nemo sabon mazauninta, ya ƙara ragowar nisan. Kuskuren bayit ɗaya a nan ya isa ya sa manhaja ta nuna shirme ko ta rufe kanta.

Kuma linka ba ya jin Hausa, bayit kawai yake kwatantawa. A wajensa "kasa" da "ƙasa" abu biyu ne, kuma daidai ne hakan. A tsarin UTF-8 harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu biyu yake ci. Haka kuma 'ya'ya kamar yadda ake rubutawa a Nijeriya da ƴaƴa kamar yadda ake yi a Nijar, mai karatu ya san kalma ɗaya ce, linka kuwa zai ba kowace nata wuri.

Inda gizo ke saƙa

Ainihin wahalar ita ce tambaya ɗaya da ake maimaitawa sau miliyoyi: an taɓa ganin wannan rubutun? Idan aka ce a kwatanta kowane rubutu da duk sauran, rubutu miliyan ɗaya zai buƙaci kwatanci kusan biliyan 500. Babu mai jiran wannan.

Mafita ita ce abin da ake kira hash. Ana zuba bayit-bayit na rubutun cikin wani lissafi mai saurin gaske, ya fito da lamba guda, kamar tambari. Rubutu iri ɗaya kullum tambari ɗaya zai bayar. Tambarin ne ke nuna gurbin da za a duba a cikin wani babban tebur. In gurbin fayau yake, sabon rubutu ne, a ajiye. In akwai wani a ciki, sai a kwatanta su biyun bayit da bayit, domin ana iya samun rubutu biyu mabambanta su faɗa gurbi ɗaya. Kamar ranar zaɓe ce: ba a neman sunan mutum a rajistar jiha gaba ɗaya, katinsa ya riga ya nuna rumfarsa, can kawai za a duba.

Da wannan aikin ya koma kusan leƙe ɗaya ga kowane rubutu. Amma masu rubuta linka ba su tsaya nan ba, saboda kwamfutocin yanzu suna da ƙwaƙwalen aiki da yawa, takwas, sha shida, har sittin da huɗu, kuma asara ce a bar ɗaya tana aiki sauran suna kallo. Matsalar ita ce idan ma'aikata biyu suka kai hannu gurbi ɗaya a lokaci guda, teburin na iya lalacewa. In kuma aka ce kowa ya jira layi, an koma gidan jiya.

LLD, linkan da ke cikin aikin LLVM, wanda kuma shi ne zaɓin farko a kayan aikin Android NDK tun daga fitowa ta r22, ya bi hanyar raba gari. Yana kasa teburin gida 32, tambarin rubutu ne ke yanke gidan da zai je, kuma kowane gida ma'aikaci ɗaya ne ke kula da shi. Tunda rubutu iri ɗaya tambarinsu ɗaya, dole su haɗu a gida ɗaya, don haka babu kwafin da zai kuɓuce kuma babu mai taka ƙafar wani.

Rui Ueyama, ɗan Japan da ya yi babban aiki a kan LLD kafin ya rubuta nasa linkan mai suna mold, wanda fitowarsa ta 1.0 ta zo a Disamba 2021, ya ɗauki wata hanyar. Tebur ɗaya ne kowa ke rubutu a ciki lokaci guda, ana kama gurbi da wani umarni na musamman na na'ura wanda ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne zai yi nasara. Irin wannan tebur yana da sharaɗi: faɗaɗa shi ana tsakiyar aiki abu ne mai wuya, don haka gara a san girmansa tun farko. To ta yaya za a san yawan rubutu marasa kwafi kafin a cire kwafin? Nan mold ya ɗauko wata dabarar ƙiyasi mai suna HyperLogLog, wadda Philippe Flajolet da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Tana duban tambarin rubutun a wucewa ɗaya, ta ba da ƙiyasi mai kusa da gaskiya da 'yar ma'adana kaɗan. Ba a buƙatar adadi daidai wa daida, abin da zai isa a yanka tebur mai ɗan sarari kawai ake nema. A cikin duk dabarun nan wannan ce ta fi burgewa, don ta yarda da ɗan rashin daidaito a inda ba zai cutar ba.

Akwai kuma sharaɗin da ba a sassautawa. Ko ma'aikata nawa suka yi aikin, ko wa ya riga wa, fayil ɗin da ya fito yau dole ya zama daidai da na gobe har bayit na ƙarshe idan kod bai canza ba. Da haka ne ake iya tabbatar da cewa manhajar da aka raba ita ce aka gina daga kod ɗin da aka nuna, ba a cusa komai a hanya ba. Saboda haka linka mai aiki da ma'aikata da yawa dole ya tsara jerin ƙarshe ta hanyar da ba ta dogara da tseren ba.

Kebbi a cikin Birnin Kebbi

Akwai wani mataki da ya wuce cire kwafi, ana ce masa haɗa wutsiya. A koma ga manhajar shinkafar nan. Tana da "Birnin Kebbi" kuma tana da "Kebbi". Na farko bayit 12 ne, da sifilin ƙarshe 13. Na biyu 6. Jimla 19. Amma "Kebbi" yana nan zaune a ƙarshen "Birnin Kebbi", har da sifilinsa. Sai linka ya ajiye dogon kawai, mai neman gajeren a ba shi lambar da ta tsallake bayit 7. An sami duka biyun a bayit 13. Haka "Gwandu" zai fake a cikin "Masarautar Gwandu".

Wutsiya kawai ake iya haɗawa. Ba za a ciro "Birnin" daga farkon "Birnin Kebbi" ba, domin mai karantawa ba ya tsayawa sai ya ci karo da sifili, zai zarce har ƙarshe.

Tambari ba ya taimakawa a nan, tunda na "Kebbi" ba shi da alaƙa da na "Birnin Kebbi". Sai an jera rubutun duka ana karanta su daga baya zuwa gaba, yadda masu wutsiya ɗaya za su zauna maƙwabtan juna. Jera miliyoyin rubutu yana cin lokaci, ribar kuma sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da ta cire kwafi. Shi ya sa LLD ba ya yin sa sai an nema da zaɓin -O2. Mai gina manhaja sau talatin a rana yana gwaji ya fi buƙatar sauri. Ranar da za a tura ta ga jama'a ne ya dace a biya wannan lokacin.

Me ya iso wayar?

A nan ya kamata a rage zumuɗi. Bayanan farautar kuskure, inda maimaici ya fi yawa, ana cire su kafin a saki manhaja, don haka ribar can ta mai ginawa ce, ba ta mai waya ba. Sannan APK fayil ne na ZIP, kuma matsewar ZIP na rage wani ɓangare na maimaici da kanta, musamman wanda ke kusa da juna. Wanda ya ce wannan dabarar ce za ta raba kuɗin data biyu ya yi ƙari.

Ribar mai waya tana wajen ma'adana. Ko an matse fayil wajen saukewa, ba a gudanar da shi a matse. Tun Android 6.0 ma ana iya barin fayilolin .so ba matsi a cikin APK, waya ta karanta su kai tsaye daga nan. Duk bayit da linka ya zubar, bayit ne da bai zauna a wayar ba kuma ba a ɗora shi a ram ba, kuma a waya mai ram gigabayit 2 da manhajoji da dama a buɗe, irin waɗannan ƙananan ragin ne ke taruwa. Ɓangaren manhaja da aka rubuta da Java ko Kotlin ma bai tsira daga wannan tunanin ba: ƙa'idar fayil ɗin DEX ta wajabta cewa jerin rubutunsa ya kasance a tsare kuma babu kwafi ko ɗaya.

Ga matashin da ya fara koyon C kuwa, akwai tarko biyu da ke fitowa kai tsaye daga nan. Na farko, rubutun da aka sa tsakanin alamun zance a kod ba naka ba ne kai kaɗai, wataƙila wurare hamsin ke nuni gare shi, shi ya sa ƙa'idar yaren ba ta ba da tabbacin komai ba idan ka yi ƙoƙarin canza harafi a cikinsa, kuma a Android galibi manhajar rufewa take yi nan take. Na biyu, kwatanta rubutu biyu da alamar == adireshinsu yake kwatantawa, ba haruffansu ba. Yau zai iya cewa daidai suke saboda an haɗe su wuri ɗaya, gobe a canza linka ko a raba kod ɗin zuwa fayilolin .so biyu ya ce sun bambanta. Aikin strcmp ne wannan.