Fara Mai Riga Biyu

Farar hamada idan tana ita kaɗai, halitta ce mai kunya. Tana ƙarama launinta kore-kore ne, ta girma ta koma ruwan ƙasa. Gudun 'yan'uwanta take yi, kuma sai dare ya yi take tashi. Makiyayi zai wuce ta a kwarin Ayar ko Tamesna bai ko lura ba.

Ruwan sama ne ke sauya lamarin. Macen takan cusa cikinta a danshin yashi ta zuba ƙwai, ta toshe bakin ramin da kumfa. Bayan kamar mako biyu 'ya'yan su fito, ba fiffike, sai tsalle. Sukan yi saɓa wajen sau biyar, kowace saɓa jiki ya ƙaru, kafin fiffike ya kammala.

Idan ciyawa ta fara bushewa, dole kowa ya taru kan ɗan koren da ya rage. Nan ƙafafunsu na baya ke gogar juna, gogar nan kuwa ita ce makunnin. A 2009 masana suka nuna cewa takan tayar da sinadarin serotonin a jikin farar, cikin 'yan sa'o'i mai gudun taro ta koma mai neman taro. Daga baya riga ma ta sauya: ƙananan su zama baƙi da rawaya, sababbin masu fiffike su yi ja-ja, balagaggu rawaya. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A nan abin ya juye, rashin kamar ne ya ruɗi masana, suka daɗe suna ɗaukarsu jinsi biyu, har Boris Uvarov ya bayyana a 1921, a kan wata fara 'yar'uwarta, cewa fara ɗaya kan sa riguna biyu.

Nauyinta bai wuce giram 2 ba, kuma kwatankwacinsa take ci kullum. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: murabba'in kilomita guda na garken farin dango na ɗaukar miliyan 40 ko fiye. Manoman Nijar sun ga haka a 2004, ga fara ga ƙarancin ruwa, yunwar 2005 ta biyo baya. Abin yana taɓa zuciya, mutum ya yi noman shekara a cinye masa shi a yini guda.

Duk da haka ba mu ƙyamace ta ba. Musulunci ya halatta cinta ba yanka, mata kuma na soya ta da yaji a Maiduguri da Maraɗi. Masu kamu da asuba suke fita, lokacin da sanyi ya ɗaure mata fiffike.