Idan Ɗaliban Dutse Za Su Kafa Gari a Duniyar Mars

Ranar 26 ga Satumba 1991, wata guda bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa an mai da Dutse babban birninta, wasu mutum takwas suka shiga wani ƙaton gidan gilashi mai suna Biosphere 2 a hamadar Arizona ta Amurka, aka kulle ƙofa. Sharaɗin shi ne su yi shekara biyu a ciki, su ci abin da suka noma, su shaƙi iskar da tsirransu suka fitar, tamkar waɗanda suka yi ƙaura zuwa wata duniya. Tun tafiya ba ta yi nisa ba yunwa ta kama su. Oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, sai da aka ƙaro musu daga waje. Ƙudan zuma suka mutu, tururuwa da kyankyasai suka cika wurin, su kuma mutanen suka dare gida biyu, ba sa ga maciji da juna.

Malamin kimiyya a Dutse ko Kiyawa ko Jahun zai iya mai da wannan labari aikin aji ba tare da kwamfuta ko ɗaya ba. Ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da matsalarsa, ya ba su kwali da biro, ya ce su tsara garin mutum ɗari a duniyar Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrih. A allo ya rubuta musu halin wurin: shekara kwana 687 ce, kashi 95 cikin ɗari na iskar kabon dayoksaid ne, matsakaicin sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri, kuma buhun gero mai kilo 100 can nauyinsa bai wuce na kilo 38 ba.

Wani uba zai ce, yaron da ke zaune a ƙasa don babu benci, ina ruwansa da Mars? Tambayar tana kan hanya. Sai dai duk wanda ya duba matsalolin da ɗaliban za su warware zai tarar na gida ne, kuma yaran nan sun riga sun san rabin amsar.

Ga rukunin wuta. Da ƙyar su yi minti biyar ba su ce a kafa sola ba, domin sun ga rijiyar burtsatse mai aiki da rana a unguwarsu. Sun kuma ga yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe farantan har ruwa ya riƙa zuwa da ƙyar, sai wani ya hau da tsumma ya goge. Abin da ya kashe na'urar InSight ta hukumar NASA a Mars ke nan a Disamban 2022: ƙura ta rufe farantanta, babu mai gogewa.

Rukunin abinci ya fi kowa sa'a, don yana da magabaci a garin. Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Dutse, ya sa tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan na tsanewa yana tafiya da zafi, gautan da kan lalace a kwana uku ya kai kwana 27. Wannan dabara ta ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ɗalibai za su yi ɗokin tafiya da ita Mars, kuma nan ne darasin ke ƙayatarwa: can sanyi kyauta ne, ruwa ne zinariya, saboda haka tukunyar da ke shan ruwa kullum asara ce. Yaron da ya gano haka da kansa ya fahimci yadda tukunyar ke aiki fiye da wanda ya haddace shafi guda. Matsalar mutuwar ƙudan zuma masu yi wa tsirrai barbara kuwa, ɗan manomin dabino a Dutse, inda cibiyar NIFOR ke da tashar binciken dabino, ya san ana hawa itace a yi barbara da hannu, daga namiji zuwa mace.

Iska sai lissafi. Na'urar MOXIE da ke cikin motar Perseverance ta samar da gram 122 na oksijin a Mars tsakanin 2021 da 2023, alhali mutum ɗaya na buƙatar fiye da gram 800 a rana. Su ninka sau ɗari.

Babu makawa wani zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, ina alƙibla? Wane wata za a duba a ɗauki azumi?” Kada a yi masa dariya. Mars wata biyu gare ta, ɗaya ma daga yamma yake ɓullowa. A 2007, da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi tashar sararin samaniya cikin Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka zauna da masana kimiyya suka rubuta masa jagora kan salla da azumi. Malamin addini na da kujera a wannan aiki.

Inda aikin ke yawan rushewa shi ne cikin rukunin kansa. Haziƙi ɗaya ya yi komai, sauran su sa suna, a bar wa 'yan mata kwafe rubutu don hannunsu ya fi kyau. Maganinsa a ba kowa muƙami da sunansa, sarkin ruwa, sarkin noma, ma'aji, alƙali, a kuma yi wa kowa tambaya shi kaɗai ranar gabatarwa. Saƙo daga Mars kan ɗauki har minti 22 kafin ya iso duniya, don haka rigimar rabon ruwa dole a kashe ta a can.

Makon Sararin Samaniya na Duniya na kamawa ne daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, farkon zangon karatu, lokacin kaka. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka harba tauraronta NigeriaSat-1 a 2003, kan yi bikinsa. Makarantun Dutse na iya sa ranar baje kwalayensu cikin makon, su gayyato malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse su yi alƙalanci.