Fitilun Gaban Direba da Na'urorin Taimakon Tuƙi: Abin da Suke Faɗa da Inda Iyakarsu Take

Motar da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu sa ido a kan injin, birki, tayoyi da wutar lantarki, kuma babbar hanyar da waɗannan kwamfutoci suke isar da saƙo ga mutum ita ce allon da ke bayan sitiyari, wanda direbobi ke kira dashbod. Kowace alama da ke kamawa a wannan allo tana da ma'ana tabbatacciya wadda kamfanonin ƙera motoci suka daidaita a kanta, ta yadda wanda ya san alamun motar Japan ba zai rikice ba idan ya shiga ta Jamus. Launi shi ne matakin farko na fahimtarsu: ja yana nufin matsalar da ke iya halaka injin ko mutanen da ke cikin motar, don haka a nemi wuri a tsaya; ruwan ɗorawa yana nufin akwai lalurar da ke buƙatar dubawa nan ba da jimawa ba; kore da shuɗi kuwa sanarwa ce kawai cewa wani abu yana kunne, kamar sigina ko doguwar fitila.

Akwai wasu daƙiƙu biyu ko uku da yawancin direbobi ba sa kula da su, alhali sun fi kowane lokaci amfani ga mai son sanin lafiyar motarsa. Idan aka murɗa makulli har allon ya kawo wuta amma ba a tayar da injin ba, fitilun gargaɗi suna kamawa gaba ɗaya, sa'an nan su mutu ɗaya bayan ɗaya yayin da kwamfuta ke gama binciken kanta, sauran kuma su mutu da zarar injin ya tashi. An tsara haka ne domin direba ya tabbatar kowane ƙwai yana aiki. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mai sayen motar da aka riga aka yi amfani da ita, irin waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, domin fitilar da ta ƙi kamawa a wannan lokaci ta fi wadda ta kama ta ƙi mutuwa ban tsoro, kasancewar hakan na iya nuna cewa wani ya cire ƙwan, ko ya rufe shi da baƙin tef daga ciki, don ɓoye wata matsala ga mai saye.

Daga cikin jajayen alamu, wadda ta fi buƙatar gaggawa ita ce mai siffar ƙaramar buta da ɗigo a bakinta. Mutane da yawa sun ɗauka tana nufin lokacin juye ya yi, alhali abin da take faɗa shi ne ƙarfin da ke tura baƙin mai cikin sassan injin ya faɗi, wato ƙarfe ya fara gugar ƙarfe ba tare da maiƙo a tsakaninsu ba, kuma mintuna kaɗan a wannan hali sun isa injin ya buga. Abin yi shi ne a sauka gefen hanya, a kashe injin, a ɗan jira man ya kwanta, a zaro sandar awon mai a goge ta, a mayar, a sake zarowa a duba. Idan man ya kai gejinsa amma fitilar ba ta mutu ba, to gara a biya kuɗin jan motar da a biya kuɗin sabon injin. Alamar ma'aunin zafi da ke tsaye a cikin ruwa tana nuna injin ya ɗauki zafi fiye da kima, kuma babban kuskuren da ake yi a nan shi ne buɗe murfin lagireto nan take, domin ruwan da ke ciki a matse yake kuma ya wuce zafin tafasa, yana iya feshowa ya saɓule fatar hannu da fuska. Alamar batir kuwa ba kasafai take nufin batirin ne ya lalace ba; galibi na'urar da ke yi masa caji ce ta daina aiki, ko fambel ya tsinke, kuma a motoci da yawa wannan fambel ɗin ne ke juya famfon ruwa, shi ya sa wani lokaci zafi ke biyo bayanta.

Fitilar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ita ce mai ruwan ɗorawa mai siffar injin. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, wanda ke da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsala. Duk lokacin da wannan fitila ta kama, kwamfutar motar ta riga ta ajiye wata lamba da ke nuna sashen da ta ga ba daidai ba: P0300, alal misali, tana nufin injin yana tsallake wuta, P0420 kuma tana nufin matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa a Nijeriya ke yi wa laƙabi da indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. Lambar P0128 sau da yawa takan biyo bayan al'adar cire na'urar daidaita zafin ruwa da wasu kanikawa ke yi bisa hujjar cewa an yi ta ne don ƙasashen sanyi, al'adar da ke hana injin kaiwa zafin da aka tsara masa, ya kuma riƙa shan mai fiye da kima. Idan fitilar tana tsaye, ana iya kai motar gareji a hankali, amma idan tana ƙiftawa, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa yana ƙona matatar, don haka dole a sassauta totur nan take. Goge lambar da na'ura ba tare da gyara ba yana kashe fitilar na ɗan lokaci ne kawai, kuma illar barinta a kunne shekara da shekaru ita ce ranar da sabuwar matsala mai tsanani ta zo, ba ta da wata fitilar da za ta kunna.

Ma'aunin gudu ma yana da nasa tarkon, domin motocin da aka shigo da su daga Amurka da Ingila suna nuna manyan lambobinsu da mil ne, kuma mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6. Direban da allurarsa ke kan 80 yana zaton bai kai iyakar kilomita 100 da aka ƙayyade wa ƙananan motoci a manyan hanyoyin Nijeriya ba, alhali yana tafe ne da gudun kusan kilomita 129 a awa.

Bayan alamun gargaɗi sai na'urorin da ke sa hannu cikin tuƙin da kansu, kuma mafi daɗewa a cikinsu ita ce ABS, wato tsarin hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da nau'insa na zamani a 1978. Tayar da ta ƙame tana jan ƙasa ba ta bin umarnin sitiyari, saboda haka wata ƙaramar na'ura a kowace taya tana auna saurin juyawarta, kuma da zarar ɗaya ta kusa tsayawa cik sai kwamfuta ta sassauta mata birki ta sake matsewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Direban da bai taɓa jin hakan ba yakan firgita, domin birkin yana karkarwa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa tare da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sai ya ɗage ƙafa a daidai lokacin da ya kamata ya ƙara dannawa. Tsohon darasin da aka koya wa direbobi na taka birki a saki a sake takawa ya dace da motocin da ba su da ABS ne. A motar da ke da shi, ana danne birkin ne da ƙarfi ba sassautawa, idanu kuma suna kan inda ake son kaucewa, hannu yana juya sitiyari. Ya kamata a sani cewa a kan yashi ko tsakuwa ABS yana iya tsawaita nisan tsayawa, domin amfaninsa na asali shi ne barin direba da ikon juya motar.

A kan ABS ɗin aka gina tsarin hana mota sulluɓewa, wanda kamfanoni ke kira ESP, ESC ko VSC, kuma alamarsa mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta. Ya fara fitowa a 1995, amma abin da ya yaɗa shi ya faru ne a 1997, lokacin da wata mujallar motoci ta Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo titi ba zato, motar ta kife, kamfanin kuma ya mayar da wannan na'ura cikin kowace A-Class da zai sayar. Aikinta shi ne kwatanta inda direba ya nufa da sitiyari da inda jikin motar yake tafiya a zahiri, kuma idan biyun suka saɓa sai ta taka wa taya ɗaya tak birki, ta rage ƙarfin injin, har motar ta dawo kan hanyarta, abin da babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Ƙiftawar alamar tana nufin na'urar tana aiki a wannan lokacin, tsayuwarta kuwa tana nufin ta lalace ko an kashe ta. Maɓallin kashewar yana da amfani idan mota ta kafe a rairayi ko taɓo kuma ana buƙatar tayoyi su juya da ƙarfi, amma da an fita sai a mayar da ita.

Alamar da ke kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta ta iskar taya ce. Amurka ta wajabta ta a 2007, bayan jerin haɗurran fashewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, kuma a motocin can takan kama ne idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, wanda a kan kwaltar bazara hanya ce ta fashewa. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, a auna kuma kafin taya ta yi zafi, kuma yana da kyau a sanar da mai faci cewa akwai na'ura a gindin bawul don kada ƙarfensa ya fasa ta.

Sababbin motoci sun ƙara da kyamara a bayan madubin tsakiya da na'urar rada a bayan bamba, wadda ke aika igiyoyin rediyo ta auna nisa da saurin abin da ke gaba. Da su ne mota ke yin ƙara idan ta hango karo, ta taka birki da kanta idan direba bai motsa ba, ta riƙe tazara tsakaninta da motar gaba, ta girgiza sitiyari idan ta fara fita daga layi, ta kuma kunna ƙaramar fitila a madubin gefe idan wani abin hawa yana inda madubin ba ya nunawa. Volvo ta sa birki mai kama kansa cikin XC60 a 2008, kuma daga Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi ga duk sabuwar mota. Amfaninsu ba abin musu ba ne, musamman ga karon baya a cunkoson gari, sai dai a ma'aunin matakai shida, daga 0 zuwa 5, da injiniyoyi ke auna tuƙin mota da kanta, kusan duk waɗannan suna mataki na 2 ko ƙasa da haka, wato matakin da alhakin tuƙi gaba ɗaya yake wuyan direba. A watan Mayun 2016, a jihar Florida, wata Tesla da ke tafiya da tsarin Autopilot ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi, direbanta ya rasu, kuma binciken hukuma ya nuna cewa cikin mintuna 37 da tsarin yake kunne, daƙiƙa 25 kacal motar ta ji hannunsa a kan sitiyari.

Littattafan da ke zuwa tare da waɗannan motoci suna faɗar iyakokin nan ƙarara, kuma abin takaici ne yadda yawancin motocin da aka shigo da su ke isowa hannun mai su babu littafin. Tsarin riƙe tazara yana iya kasa gane motar da ke tsaye cik idan ana gudu sosai, kuma babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan titi da ganye a bayanta ita ce ainihin irin abin da yake iya tsallakewa. Mai kula da layi yana dogara ne da fentin titi, saboda haka inda fentin ya goge ba shi da abin bi. Fitilar madubin gefe tana iya makara wajen nuna babur ɗin da ya kutso da gudu ta tsakanin motoci, ƙurar hunturu da hazo da taɓon damina kuma suna rufe idon kyamara da fuskar rada, har allon ya nuna saƙon cewa tsarin ya dakata, saƙon da tsumma mai laushi da ruwa kan magance shi a mafi yawan lokuta.

Wani ɓangaren da kusan ba a kula da shi shi ne saiti bayan gyara. Kyamarar da ke manne da gilashin gaba an daidaita ta ne a kan wata kusurwa ta musamman, kuma idan aka sauya gilashin, ko mai gyaran jikin mota ya cire bamba ya mayar, karkacewar da ido ba ya gani tana iya zama kuskuren mita ɗaya ko fiye a can nesa inda na'urar ke kallo, ta yadda motar za ta iya taka birki saboda abin hawan da ke wani layin, ko ta kasa ganin wanda ke nata. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka gyara jikinsu bayan sun iso, saboda haka mai saye yana da hujjar tambaya ko an sake saita kyamara da rada da na'urar da ta dace. Haka ma jakar iska, wadda alamarta mutum ne zaune da ƙwallo a gabansa: idan ta taɓa fashewa, maye gurbinta yana da tsada, kuma akwai masu cusa wata 'yar na'ura a wayarta don kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan alhali cikin sitiyarin fanko ne. Fitilar a irin wannan mota tana kamawa ta mutu kamar ta lafiyayya, don haka tabbacin da ya rage shi ne a binciki tarihin motar da lambarta mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, sa'an nan a sa ƙwararren mai wayarin mota ya buɗe ya gani da idonsa kafin a biya kuɗi.