Inshorar mota ba takardar nuna wa ɗan sanda ba ce kawai

A tashoshin mota da garejin kanikawa, daga Kano har Kaduna, magana ɗaya ake ji idan aka ambaci inshora: takarda ce da ake saya don kada ɗan sanda ya tsare mutum a hanya, amma ranar da aka yi karo babu kamfanin da zai ba ka ko kwabo. Masu faɗin haka ba su rasa hujja ba. Da yawansu sun shekara suna sabunta takardu, ba su taɓa ganin wanda aka biya ba. Ina girmama abin da suka gani da idonsu, amma ban yarda da hukuncin da suka yanke ba, domin asararsa a aljihun talaka take ƙarewa.

Mu fara da abin da takardar ta yi alkawari. Dokar farko da ta wajabta inshorar mota a Nijeriya a 1945 aka kafa ta, kuma abin da ta wajabta shi ne kariya ga wanda ka yi wa ɓarna, ba gyaran motarka ba. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya kan dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wato idan ka daki motar wani ta baya, kamfaninka ne ya kamata ya gyara masa. Wanda ya je da wannan takarda yana neman a gyara tasa motar, aka ce masa a'a, ba zaluntarsa aka yi ba. Abin da bai saya ba ya nema. Mai son a gyara tasa sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara.

Babbar matsalar kuwa ita ce takardu da yawa da ke cikin motocinmu na bogi ne. Mutum ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗi a ƙofar ofishin lasisi, a haɗo masa komai cikin ambulan, bai ko duba sunan kamfanin ba. Ranar hatsari sai a tarar babu kamfanin da ya san da zamansa. Alhali ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta waya ya ga ko inshorarsa ta gaske ce. Tun da 'yan sanda suka fara tsaurara binciken wannan takarda a ranar 1 ga Fabrairun 2025, dubawar ta ƙara zama dole.

Sai inda masu takardar gaske su ma suke yin asara, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. An yi karo, jama'a sun taru, ana ta “Allah Ya kiyaye gaba”, wani dattijo ya ce, “Malam, tsautsayi ne, ku je wurin fanal bita ku sasanta.” Kafin la'asar an cire bamba, an buga ƙofa, an shafa foti. Bayan mako biyu, da kuɗin gyara ya wuce yadda aka zata, sai a tuna da inshora. To, me injiniyan kamfani zai duba? Kamar a kira alƙali ne bayan an share wurin da aka yi ɓarna. Ba hoto, ba rahoton 'yan sanda, motar ma ta sha fenti. Sharuɗɗan inshora sun tanadi a sanar da kamfani da wuri, kada a fara gyara sai ya gani ya amince, kuma kada direba ya ɗauki alkawarin biya da bakinsa a madadin kamfani. Ba ina kushe sulhu ba ne. Sulhu alheri ne, kuma a kan fitilar da ta fashe ko ɗan karcen fenti shi ya fi sauƙi. Amma motar zamani ba ta nuna ciwonta a fuska. Bayan bambar da ta ɗan lotsa ana iya samun lagireto ya tsage, shasi ya karkace, na'urorin lantarki sun mutu. Wanda ya amsa “zan gyara” a bakin titi bai san nauyin da ya ɗauka ba.

Mai gyara na kirki abokin tafiya ne a wannan sha'ani. Ka ce masa, “Oga, rubuta mini kiyasi dalla-dalla”: kuɗin aiki daban, na fenti daban, kowane kayan gyara da farashinsa, a kuma fayyace sabo ne ko na Beljiyom daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wannan takarda ita kamfani zai auna da rahoton injiniyansa. Idan an buɗe mota aka ga wata ɓarnar da ba a gani ba da farko, a dakata a sanar kafin a ci gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai mota da mai gyara su haɗa baki su kumbura kiyasi wai ai kuɗin kamfani ne. Ha'inci ne, kuma yana cikin abin da ke sa kamfanoni su riƙa tuhumar mai gaskiya ma.

Ban wanke kamfanonin tas ba. Akwai masu jan ƙafa, da masu neman takarda bayan takarda har mutum ya gaji ya haƙura, da masu taya gyara ƙasa da abin da kasuwa take. Maganin wannan shi ne kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka gamsu da adadin da ke cikinta, ka kuma adana kwafin duk abin da ka miƙa. In aka ƙi biya ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma ita ke riƙe da lasisin kamfanin.

Wanda kuma damuwarsa ta addini ce, saboda riba da garari da malamai suka yi magana a kai, ƙofa a buɗe take. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa, ƙarƙashin kulawar malaman shari'a. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful suna sayar da ta mota, kuma takardarsu tana cika sharaɗin doka kamar ta kowane kamfani mai lasisi.