Karen Gadi Idan Ya Fi Ƙarfin Aljihu: Wa Za A Miƙa Wa?

BAUCHI: Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, 'yan kasuwa suka shiga sake duba duk wata kafa da kuɗi ke fita. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Daga cikin waɗanda wannan lissafi ya rutsa da su har da karen da ke kwana a bakin sito, ko gidan kaji, ko garejin motoci a bayan gari.

Bahaushe dai bai cika ajiye kare don sha'awa ba. Malamai sun yi sassauci ne ga karen farauta da na kiwo da na tsaron gona, saboda haka karen ɗan kasuwa a Bauchi ma'aikaci ne, kuma a matsayin ma'aikaci ya kamata a yi masa hisabi. Karen gida yana iya rayuwa da ragowar tuwo da ƙasusuwan kwata. Manyan karnukan ƙasashen waje, irin na 'yan sanda, su ne masu cin kuɗi, domin suna buƙatar nama ko abincin buhu wanda farashinsa ke bin canjin dala, ga maganin kaska da na tsutsar ciki, ga allurar rigakafin hauka sau ɗaya kowace shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai da yawa sun saya ne a lokacin da naira ke da sauran ƙarfinta.

Kafin a yanke shawarar rabuwa, ya kamata a auna abin da zai maye gurbin karen. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a watan Yuli na 2024, kuma ko da yake ba kowane maigadi ake biyan haka ba, ƙarin mutum guda a bakin ƙofa sau da yawa ya fi abincin kare tsada. Wani lokaci kuma matsalar ba ta kuɗi ba ce: ƙaura zuwa gidan haya, ko ƙorafin maƙwabta, ko tsufan karen. Kowanne da maganinsa, kuma ba duka ne ke buƙatar rabuwa ba.

Idan rabuwar ta zama tilas, a nan ne bambancinmu da Turai ke fitowa. A Ingila akwai gidajen jinƙai da ke karɓar karen da mai shi ya gaza riƙewa. Mafi shahara shi ne na Battersea a birnin Landan, wanda aka kafa a 1860. Suna tambayar tarihin dabbar, likita ya duba ta, a jarraba halinta, sa'an nan a nema mata sabon gida, kuma gudummawar jama'a ce ke ɗaukar nauyin aikin. Irin waɗannan gidaje ba su yaɗu a arewacin Nijeriya ba. Watau aikin da ma'aikatansu ke yi, a nan mai karen ne zai yi da kansa.

Hanya mafi sauƙi, kuma mafi muni, ita ce a saka karen a mota a kai shi nesa da gari a saki. Karen da ya saba da a ba shi, ba ya iya neman na kansa. Zai bi juji da bayan kasuwanni, ya haɗu da karnukan da ba a taɓa yi wa allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutane 59,000 a duniya kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Yara ne suka fi shiga haɗari. Wanda ya saki karensa don ya huta da ɗawainiya, ya mayar da ita ne kan 'ya'yan wasu.

Hanya ta biyu ita ce sayarwa, kuma ya kamata mai sayarwa ya san inda kasuwar ta nufa. A garin Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, ba nisa da kudancin Jihar Bauchi, akwai babbar kasuwar karnuka inda fatake ke tara su daga jihohin arewa, a loda su zuwa jihohi irin su Kuros Riba da Akwa Ibom domin nama. Sana'a ce mai riƙe da gidaje da dama, kuma ba hurumin wannan shafi ba ne ya yi mata hukunci. Amma wanda baƙon dillali ya ce masa zai kai karen wata gona ya yi gadi, yana da kyau ya ƙara tambaya. Har ila yau, binciken likitocin dabbobi a irin waɗannan kasuwanni ya sha gano alamar ƙwayar cutar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau.

Hanya ta uku ta fi wahala, amma ita ce ta fi kusa da aikin gidan jinƙai: a nemo mutum sananne mai buƙata. Mafarauta sukan so ƙaramin kare mai gudu, tun ba ma gab da rani ba. Masu gonaki da gidajen kaji da kamfanonin tsaro sukan fi son babba mai horo. Likitan dabbobi na gwamnati ko mai zaman kansa shi ne dillalin da ya fi dacewa, domin ya san masu nema, ya kuma san yadda suke riƙon nasu. A fara sabunta allurar karen. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta samo asali tun 1924, tana daga cikin masu haɗa wannan rigakafi, kuma kuɗin allurar kare bai kai kusa da na jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza ba. A miƙa katin rigakafin tare da karen. A faɗi gaskiyar halinsa, musamman idan ya taɓa kai wa wani hari, domin aibin da aka ɓoye a ciniki yakan dawo wa mai shi ta gaban alƙali.

Akwai karen da ba a bayarwa ko kyauta. Wanda ya ciji mutum, a tsare shi a ƙarƙashin kulawar likita na tsawon kwana 10, wanda aka ciza kuma a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran sakamako ba. Haka nan karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau ko yana cizon duk abin da ya tarar, likita ne kaɗai zai yanke abin da za a yi da shi.