Luggar Fiƙihu a Matsayin Hanyar Koya wa Yara Sauya Mahangar Tunani

A shekarar 1967 ne Edward de Bono, likita ɗan ƙasar Malta, ya raɗa suna ga wani salon tunani da za a iya kira tunanin ratse, wato hankali ya bar turbar da ya saba bi ya dubi matsala ta wata fuska. A ganinsa wannan fasaha ce da ake koyarwa, ba baiwa ce ta wasu kaɗai ba.

Tarbiyyar Musulunci ta daɗe da irin wannan horo. Bukhari ya ruwaito a Kitabul Ilmi cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai game da bishiyar da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Hankulan manya suka tafi ga itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro, ya gane dabino ake nufi, amma kunya ta hana shi magana. Daga baya mahaifinsa ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Abin lura shi ne amsar tana kusa, sabo ne ya kai tunani nesa. Kuma wanda ya gano ta shi ne ya yi shiru, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi a azuzuwan Islamiyya.

Malaman fiƙihu sun mayar da lugga fanni mai zaman kansa. Ibn Farhun, Bamalike, wanda ya rasu a 799 bayan Hijira, ya tsara Durratul Gawwas bisa babukan fiƙihu. Malami na iya tambayar yara: wace salla ce mai raka'a uku da zaman tahiya huɗu? Wanda ya haddace Ahalari kawai zai ce babu. Sai ya ajiye zaton cewa mai sallar shi kaɗai ne, sannan zai tuna da mamun da ya riski liman a Magariba bayan ruku'un raka'a ta biyu: ya zauna sau biyu tare da liman, sau biyu kuma yayin rama abin da ya kuɓuce masa.

Sai dai lugga ba ta maye gurbin hadda, domin yaron da bai san hukuncin masbuƙi ba ba shi da abin juyawa. Malamai kuma sun karhanta tambayar ƙure da ake yi don kunyata mutum. Saboda haka ya kamata malami ya jinkirta amsa, ya saurari ko da kuskure ne, ya kuma fara tambayar ƙanana kafin manya su yi magana.