Abin da Ke Tsai da Raguwar Ƙiba, da Yadda Za a Yi da Shi

A Ƙofar Sauri, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, ba wuya yanzu a sami magidanci ko uwargida da likita ya umarta da rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari. Mutum ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, nauyi ya yi ta sauka har 'yan watanni, sa'an nan ma'auni ya tsaya cik. A nan ne mutane da yawa kan karaya. Wasu su koma gidan jiya, wasu su shiga horon kansu da yunwa, wasu kuwa su faɗa hannun masu tallar magani a kasuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu asalin wannan al'amari.

Jikin ɗan Adam yana ƙona abinci dare da rana, ko da mutum yana barci, gama zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta ba su hutawa. Wannan ƙonawa ta zaman hutu ita ke cinye kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki ke kashewa a yini. To, jiki kamar maigida ne mai rumbu. Idan ya ga hatsi ya yi ƙasa alhali kaka da saura, sai ya rage awo don kada gida ya kwana da yunwa. Jiki bai san mai shi da gangan ya rage ci ba, a wurinsa fari ne aka yi, sai ya shiga tsimi.

Masana sun gwada wannan. A 1944 zuwa 1945 wani malami, Ancel Keys, na Jami'ar Minnesota a Amurka, ya tara samari 36, aka rage musu abinci da kimanin rabi har mako 24. Suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma ƙonawar jikinsu ta hutu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Suka zama ga kasala, ga jin sanyi, ba su da zance sai na abinci. A 2016 kuma Kevin Hall da abokan aikinsa suka binciki mutum 14 waɗanda suka rage ƙiba da gaggawa a wata gasar talabijin. Bayan shekara 6 jikinsu yana ƙona wajen kalori 500 ƙasa da abin da ya dace da girmansu a kowace rana, kuma yawancinsu ƙibar ta dawo. Mai bi a hankali, nasa tsimin bai kai haka ba.

Ban da tsimi, akwai dalilai uku. Na fari, ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake bukata, watau awon da ya rage mai kilo 100 shi zai riƙe mai kilo 90. Na biyu, kitse yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda aka gano a 1994, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya. Da kitse ya ragu sai sinadarin ya ragu, yunwa ta ƙaru, malmala ta riƙa girma ba tare da mai ita ya lura ba. Na uku, mai jin kasala yakan rage motsi, inda da yake takawa sai ya hau babur.

To, mene ne abin yi? Da fari a sake duban awo. A auna tuwo da shinkafa da mai, a lura da sukarin shayi da na fura, da cin biki da na suna, gama nan ɓarna ke ɓuya. Na biyu, a kiyaye tsoka, don ta fi kitse ƙona abinci. Wake da ƙwai da kifi da nono suna riƙe ta, kwaɗon zogale da na rama kuwa suna cika ciki, muddin ba a cika musu ƙuli da mai ba. Na uku, a motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya taka da hanzari daga Ƙofar Sauri zuwa Ƙofar Soro ya komo, bayan asuba kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a mako, ya kama hanya. A haɗa da aikin ƙarfi, kamar noma ko ɗaukar kaya, sau biyu a mako, a kuma sami isasshen barci.

Muna jan kunnen masu ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, kada su rage ci ƙwarai sai da sanin likita, domin sukarin jini yana iya faɗuwa har mutum ya suma.

Kuma kada wanda ma'auninsa ya tsaya ya ɗauka ya yi aikin banza. Likitoci sun tabbatar cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sassauta hawan jini da sukari, in dai an riƙe shi. Riƙon nan shi ne babban aiki, sauri kuwa kan haifi nawa. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.